Daga gatana zuwa salula: labarin da ba shi da suna, na wa ne?

A Bazaga, Malbaza, Illela da Birnin Ƙonni, cikin jihar Tahoua, hirar dare ta sauya salo. Labarin da kaka ke ba jikoki a tsakar gida yanzu yana zuwa ta salula: shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, ko da muryar mai karatu a YouTube, ko cikin memori da masu tura fina-finai ke cikawa a kasuwa. Mata ne ke rubuta yawancin waɗannan ƙagaggun labarai, kuma da dama ba sa bayyana sunansu, sai laƙabi irin su Maman wane ko Ummu wance.

Ɓoye suna ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Gatana, wadda ake kira tatsuniya a Kano, ba ta da mai ita. Babu wanda ya san wanda ya ƙirƙiro Gizo da Ƙoƙi. Ko littattafai uku na tatsuniyoyi da suka fito tsakanin 1911 da 1913, sunan baturen mulkin mallaka Frank Edgar ne a bangonsu, ba na waɗanda suka ba da labaran ba.

Sunan marubuci ya yi ƙarfi ne a shekarun 1980, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da "Alhaki Kuykuyo Ne" a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma "In Da So Da Ƙauna" a 1991. Ƙonni na bakin iyaka, dab da Illelar jihar Sakkwato, don haka abin da Kano ke karantawa ba ya daɗewa kafin ya ƙetaro.

To me ya sa marubutan intanet suka koma laƙabi? Dalili na farko shi ne tsoron idon jama'a. Labaran suna taɓa auren dole, kishi, saki da fyaɗe, kuma mace mai aure ba ta son dangin miji su ɗauka asirin gidanta ta tona. Na biyu shi ne hukuma. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano a bainar jama'a, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, daga baya hukumar tace fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista. A Nijar, dokar 2019 kan laifukan intanet, wadda aka tsananta a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri ga wanda ya ɓata sunan wani ta kafofin zamani.

Laƙabin da ke kare marubuciya shi ne kuma ke cutar da ita. Tsarin da aka saba shi ne a saki shafukan farko kyauta, wanda ya ji daɗi ya biya kuɗi a sa shi zauren masu biya. Amma mutum ɗaya ya isa ya kwafe labarin ya watsa. Wani ya karanta shi a YouTube ya karɓi kuɗin talla, wani ya sauya sunayen taurarin ya ce nasa ne. Wadda ba ta taɓa bayyana kanta ba, da wace hujja za ta kai ƙara? Akwai kuma matsalar adanawa. Manhajar OkadaBooks ta Najeriya, wadda ta ɗauki ɗimbin littattafan Hausa, ta rufe a watan Nuwamban 2023.

Ƙasar Sin ta bi irin wannan hanya. Shahararren littafinta "Tafiya Zuwa Yamma" ya samo asali daga labaran baka, kuma bugun 1592 bai ɗauki sunan marubuci ba. A watan Agustan 2024 an fitar da wasan kwamfuta "Black Myth: Wukong" da aka gina a kansa, aka sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. Marubutan intanet na Sin ma laƙabi suke amfani da shi, amma tun 2003 shafin Qidian ya kawo tsarin biyan kuɗi babi-babi. Mai karatu laƙabi yake gani, kamfani kuwa ya san wanda zai biya.

Irin wannan rabon ne marubutan Hausa ke buƙata: a ɓoye ga jama'a, a sanu ga ofishin da ke kare haƙƙi. Nijar na da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, tana kuma da cibiyar CELHTO a Yamai, wadda ke tattara adabin baka tun 1968. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan hukumomin nan suka buɗe ƙofa ga rubutun da ke yawo a salula, marubuciyar Bazaga za ta iya riƙe laƙabinta, kuɗin aikinta kuma ya iso hannunta.