Darasin lafiyar haihuwa a makarantun boko: me ake koyarwa, wa ke sa ido?

A shekarar 2014 gwamnatin Nijar ta janye wani darasi kan lafiyar haihuwa daga makarantun sakandare, bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun ce ya saɓa wa tarbiyyar ƙasa. Sai dai matsalar da aka so magancewa tana nan daram.

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS ta gudanar a 2012 ya nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Kashi 76 cikin 100 na mata matasa kuma an aurar da su kafin shekara 18, jahar Maradi ce a sahun gaba. Yarinyar da jikinta bai ƙosa ba ta fi fuskantar doguwar naƙuda, wadda ke jawo yoyon fitsari.

A kwaleji, ɗalibai na haɗuwa da batun a darasin SVT da na tattalin iyali: balaga, jinin haila, tsabtar jiki, da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa kamar Sida. Masu goyon baya na cewa yaron da bai ji daga malami ba zai ji a fada ko a salula. Masu adawa kuwa na ganin wannan hurumin iyaye ne.

Doka dai ta ɗan matsa gaba. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ɗiya mace har shekara 16, a 2019 kuma aka ba wadda ta yi aure ko ta samu ciki damar ci gaba da karatu.

Sauran aiki shi ne sa ido. Babban bincike irin na INS sai bayan shekaru ake sake shi, alhali kullum safe ana kiran suna a aji. Idan ɗaliba ta daina zuwa, darakta da kwamitin COGES da ƙungiyar uwaye mata su ne suka fi kusa da sanin dalili, kuma su ne za su iya zuwa gidansu tun kafin a sa ranar biki.