Wurin Wanka Mai Tayil: Aikin da Muka Yi da Hannunmu

A yawancin gidajenmu na ƙauye, wurin wanka ɗan lungu ne a bayan ɗaki, da dutse ɗaya na tsayawa. Ruwan wanka yakan bi rariya ya kwanta a gindin katanga, yana cinta a hankali, har ruwan Agusta ya zo ya ƙarasa ta. A cikin kwatamin nan kuma sauro ke ƙyanƙyashewa, gama a lokacin zafi kwana 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya soma cizo.

Bara, tsohuwar wani ɗan ƙungiyarmu ta zame a kan gansakuka, ta yi wata biyu a kwance. Da rani ya yi, muka kira gayya domin mu gyara masa wurin. Ga yadda muka yi.

Da fari muka haƙa ramin shan ruwa a bayan katanga, zurfin ƙafa 4, faɗi ƙafa 3. Muka cika shi da duwatsu, manya a ƙasa, tsakuwa a bisa, muka rufe. Ramin nan ya nisanci rijiya da ƙafa 100, watau mita 30, domin kada ƙazamin ruwa ya tsiyaya cikin ruwan sha.

Sai daɓe. Muka kwaɓa kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, muka zuba kaurin inci 3. A nan ne muka yi kuskure. Mun lailaye daɓen sumul kamar na ɗakin kwana, da muka zuba guga ɗaya sai ruwan ya tsaya cak a tsakiya. Dole muka sake shimfiɗa wani siminti a kai. Ku kiyaye wannan, 'yan'uwa: daɓen wurin wanka yana bukatar gangara zuwa bakin bututu, kwatan inci a kowace ƙafa ɗaya. In tsawon wurin ƙafa 4 ne, bakin bututu zai fi ɗaya gefen ƙasa da inci 1. Ku gwada da ruwa tun ba ku ɗora tayil ba. Bayan haka a riƙa yayyafa wa daɓen ruwa safe da yamma har kwana 7, gama simintin da ya bushe da gaggawa ba ya ƙarko.

Tayil ba ya kama bangon laka. Saboda haka muka jera bulo daga ciki har tsayin ƙirji, muka yi masa filasta. Muka jiƙa tayil cikin ruwa tukuna, don kada ya shanye ruwan siminti ya ɓanɓare daga baya. Kwaɓin liƙawa kwano 1 ne na siminti, 3 na yashi mai laushi. A cika bayan kowane tayil, kāna a ƙwanƙwasa shi da ƙotar cokali. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, akwai rami a bayansa, a cire a sake. A ƙasa muka fara jeri daga bakin bututu, muka kuwa zaɓi tayil mai kaushi. Mai sheƙi na bango ne, in ya sha sabulu ya fi gansakuka santsi. Kashegari muka cike tsakanin tayil da ruwan siminti mai kauri, muka goge.

Daga ƙarshe muka ɗora durom a kan dakalin bulo, muka jawo bututu da famfo da kan shawa. Ku tuna, durom mai lita 200 in ya cika, nauyin ruwan kaɗai kilo 200 ne. Kada a ɗora shi a kan katangar laka, a kuma rufe bakinsa saboda sauro.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, fasassun tayil suna da araha, suna kuma aiki. In ma tayil ya gagara bana, a yi ramin da daɓen tukuna. Ku kawo maganar a taronku na gaba, ku haɗa kuɗi ku sayi siminti tare, ku bi gida gida kafin ruwan fari ya sauka.