Ruwan Farko Ba Shi Ne Damina Ba: Yadda Ake Karanta Hasashen Yanayi a Waya Kafin Shuka

A ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ruwa guda mai ƙarfi ya isa ya fitar da gari gaba ɗaya zuwa gona. A yi shuka, iri ya tsiro, sai kuma sama ta ɗauke kwana goma ko fiye, tsiron ya ƙone. Gero kan ɗan jure, masara kuwa ba ta da wannan haƙurin. Wanda abin ya faɗa wa zai sake sayen iri, ya sake biyan 'yan ƙwadago. Wayar da ke aljihun yaran gidan za ta iya rage wannan asara, in an san abin da take nunawa.

Wurin farawa shi ne hasashen damina na Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wanda take fitarwa a farkon kowace shekara da sunan SCP. Ana sauke shi kyauta daga shafin hukumar. A ciki akwai ranar da ake sa ran damina za ta kankama a kowace ƙaramar hukuma, da ranar ɗaukewarta, da yawan ruwan da ake tsammani, da yankunan da za su iya fuskantar tsaikon ruwa a tsakiyar damina. A Nijar, hukumar yanayi ta ƙasa da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai suna fitar da makamancin wannan. Ranar da aka rubuta ba alƙawari ba ce, tana iya gocewa da 'yan kwanaki. Amfaninta shi ne kwatance: idan takardar ta ce ƙarshen Yuni, ruwa kuma ya zuba a tsakiyar Mayu, akwai dalilin yin taka-tsantsan. Tsawon daminar da aka yi hasashe kuma shi ke nuna ko a nemi iri mai saurin nuna, kamar wasu nau'o'in masarar SAMMAZ ta cibiyar IAR da ke Samaru, Zariya.

Masana yanayin noma a yankin Sahel suna da ma'aunin da suke gane farkon damina da shi: a samu ruwa kimanin milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan kada a yi fiye da mako guda babu ruwa cikin kwana 30 da ke biye. Rabin farko manomi zai iya auna shi da kansa. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a ajiye shi a fili nesa da bishiya da indararo, bayan ruwa a tsoma rula. Santimita 2 shi ne milimita 20, wato lita 20 a kan kowace murabba'in mita ta gona. Rabi na biyu ne ke buƙatar waya, kuma a nan ake yawan yin kuskure.

Manhajar yanayi da ke zuwa da wayar Android, da irinsu Windy da AccuWeather, ba leƙa sararin ƙauyen mutum suke yi ba. Lissafin manyan kwamfutoci na Turai da Amurka suke kawowa, waɗanda ke yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kusan kilomita goma. Hadarin arewa kuwa sau da yawa bai kai wannan faɗin ba. Ya kan jiƙa unguwa ɗaya ya tsallake maƙwabciyarta. Shi ya sa "60%" ba ya nufin ruwa mai yawa, yana nufin yiwuwar saukarsa ne kawai, ko da yayyafi ne. Lambar da ta fi amfani ga manomi ita ce ta milimita, wadda galibi sai an latsa ranar take fitowa. Hasashen kwana ɗaya zuwa uku ya fi zama abin dogaro, na kwana goma kuma alkibla kawai yake nunawa. Amma idan Windy, wadda ke bari a sauya tsakanin lissafin ECMWF da na GFS, ta nuna duka biyun sun yarda mako mai zuwa a bushe yake, to a riƙe irin masara tukuna. Mai binnen gero lissafinsa daban ne, tunda irinsa bai da tsada.

Bayan shuka ma hasashen kwana biyu yana ceton kuɗi. Yuriya da aka watsa gab da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwari za ta bi. Wadda aka bari a kan busasshiyar ƙasa cikin rana kuma wani kaso nata iska zai tafi da shi. An fi so a binne ta a ƙasa mai danshi. Maganin feshi shi ma yana son 'yan sa'o'i babu ruwa kafin ya kama ganye.

Masu gona a fadama ko bakin kogi suna da ƙarin takarda guda: hasashen ambaliya na shekara-shekara da hukumar NIHSA ke fitarwa, mai jera ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Tun bayan ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a Jigawa, duba sunan ƙaramar hukuma a jerin kafin a zuba kuɗin taki a shinkafa ya cancanci 'yar datar da zai ci.