Kafin a Ɗauki Kyamara: Yadda Ake Gyara Labarin Fim Tun Yana Jimla Ɗaya

A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka ankara da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake shigowa da su gida a daka a turmi ko a niƙa a inji. Yara fiye da 400 suka rasu. A 'Yargalma da Dareta da Abare sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ta jira har 2013 kafin aikin ya iso gare ta.

Duk matashin yankin da ke mafarkin rubuta fim ya tashi da wannan labari a kunnensa. A ɗauka ɗaya daga cikinsu ya je wurin wanda ya riga shi shiga harkar, ya ce: "Yaya, fim zan rubuta a kan illar gubar dalma ga al'umma." Amsar da ya fi samu ba ta wuce biyu. Ko a ce masa "Allah ya ƙara basira," ko a ce "wa zai zauna ya kalli wannan?" Ta farko kara ce, ta biyu kushe, kuma kowacce ta bar yaron inda ta same shi.

Abin da ya kawo jigo ne, bai kai labari ba. Masu shirya fim a Amurka sun saba neman marubuci ya dunƙule fim ɗinsa cikin jimla ɗaya kafin su buɗe rubutun, kuma littafin Blake Snyder, Save the Cat, da ya fito a 2005, ya ƙara yaɗa wannan al'ada. Ana so jimlar ta nuna mutum guda, da abin da yake nema, da abin da ya tare masa hanya, da asarar da zai tafka idan ya kasa.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, yana shiga numfashi ɗaya: saurayi ya bar gida neman ruwan da ake ganin babu shi, don ya wanke mijin uwarsa daga wulaƙancin da ya sha a fada. Haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da Adamu Halilu ya mayar fim a 1976: an sace yaro an tsallaka da shi hamada, uwarsa ta bi sawu. Kowa ya ji, sai ya so a ƙarasa masa.

To, me ya kamata yayan nan ya yi? Tambaya. "Ƙanena, a cikin duk waɗanda abin ya shafa, wa kake gani idan ka rufe ido?" Watakila yaron ya yi shiru, sannan ya ce wata uwa. Me take so? Ɗanta ya daina jijjiga. Me ya hana ta? Dakan dutsen ne ke kawo tuwon dare, mijinta kuma bashi ya ci ya sayo buhunan dutsen. Kafin shayi ya huce jimlar ta sauya: wata uwa a Bagega ta gano ƙurar turminta ce ke kashe ɗanta, ta ƙudurta fitar da dutsen daga gidan, alhali shi kaɗai ne abin da mijinta zai biya bashi da shi.

Yanzu ne gyara ya samu wurin kamawa. Ana iya cewa mijin ya fito kamar mugu, alhali talauci ne ya ɗaure shi, kuma fim zai fi taɓa zuciya idan shi ma yana son yaron. Ana iya tambaya ko akwai wa'adi, ranar da mai bashi zai zo. Ba wanda zai iya faɗin irin wannan a kan "illar gubar dalma ga al'umma."

Wata gwanar tsara rawa a Amurka, Liz Lerman, ta shimfiɗa matakan bayar da irin wannan shawara tun 1990. Masu sauraro su fara da faɗin abin da ya kama su. Mai aikin ya yi nasa tambayoyin. Su ma su tambaye shi ba tare da sun ɓoye hukunci cikin tambayar ba. Ra'ayi shi ne na ƙarshe, kuma sai ya ba da izini. Tsarin ya dace da mutanen da kunya ke hana su faɗa wa juna gaskiya gaba da gaba, domin ya bai wa gaskiyar ƙofar shiga. A kamfanin shirya finafinai na Pixar ma, kamar yadda Ed Catmull ya bayyana a littafinsa na 2014, majalisar da ke duba labarai ba ta da ikon tilasta wa darakta komai. Tana nuna ciwon, shi ke nemo magani. Wannan ne wurin da manya suka fi zamewa: da sun fara "da ni ne," sun karɓe labarin daga hannun mai shi.

Wani ɗan Gummi kuma zai zo da tarihin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Arewa daga 1962, wanda ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992. Rayuwa irin wannan ta fi ƙarfin fim ɗaya. Tambayar da za ta taimake shi ita ce: wace rana? Safiyar 15 ga Janairu 1966, da aka kashe Sardauna, wanda Malam ke kusa da shi ƙwarai, ta isa a gina fim a kanta.

Akwai kuma lissafi. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 zuwa finafinai masu dogon zango na Arewa24 da YouTube, furodusa a Kano kuɗinsa yake dubawa, kuma kusan kowane shafi na rubutu minti ɗaya ne a allo. Jimlar da ke buƙatar ramin haƙar zinariya da taron ɗaruruwan mutane, a yankin da matsalar 'yan bindiga ta sa gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a 2019, tana da wuyar ɗauka. Tsakar gida ɗaya da turmi ɗaya kuwa, ko da waya an iya.

Abin da mai ba da shawara bai kamata ya manta ba shi ne, a Anka ko Bukkuyum yaron da ke cikin jimlar yana iya zama ƙanen marubucin ne na jini. Shi ya sa ake sassauta murya, ake kuma tunatar da shi ya sauya suna da unguwa idan iyalin ba su amince ba. Sannan kafin ya kama hanyar Gusau zuwa Kano, ya fara karanta jimlar ga wata uwa da ta ga shekarar 2010 da idonta. Ita za ta gaya masa a wace kusurwar gida turmin yake, da lokacin da ake dakan, da sunan da mata suka fara kiran ciwon kafin likitoci su iso.