Tsakanin hannu da kwalta: Abin da sitiyari ke gaya wa direba a gangaren Bwari

Hanyar da ta tashi daga garin Bwari ta gangaro Dutse Alhaji, kafin ta haɗe da babban titin Kubwa, ba irin shimfiɗaɗɗun titunan tsakiyar Abuja ba ce. Tana ratsa duwatsu, tana hawa tana sauka, tana lanƙwasa a wuraren da direba ba ya hango abin da ke gabansa. Ita ma'aikatan hedikwatar hukumar JAMB da na Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya ke hawa da safe, a daidai lokacin da waɗanda tsadar haya ta kai su zama a Bwari da Ushafa ke gangarowa zuwa Sakatariyar Tarayya. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba kuwa, ruwan sama kan ƙara wa kwaltar santsi, ya sharo yashi ya zube a bakin kwana.

A irin wannan hanya ce wata muhawara da ake ɗauka ta 'yan ƙwalisa ce ke komawa maganar rai. Shekara da shekaru masu sha'awar motocin tsere a Turai da Amurka da Japan suna jayayya a kan tambaya guda: yaya girman taimakon da ya kamata na'ura ta ba hannun direba wajen murɗa sitiyari, kuma me ake rasawa idan taimakon ya yi yawa? Ma'aikacin da ke tuƙa tsohuwar Corolla yana iya cewa ba ruwansa da rigimar masu Porsche. Sai dai abin da ke riƙe tayar Porsche a kan kwalta shi ne ke riƙe tasa.

Saƙon da taya ke aikowa

Duk nauyin mota a wurare huɗu yake taɓa ƙasa, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Idan aka shiga kwana, robar tayar gaba takan ɗan murɗe, tana neman komawa ta miƙe. Maƙera kuma sun ɗan kishingiɗar da ginshiƙin da tayar ke juyawa a kansa, kamar yadda gaban keke yake a kishingiɗe. Waɗannan abubuwa biyu ne ke sa sitiyari ya dawo da kansa bayan an fita kwana.

Wannan ƙarfi na komawa yana bi ta tayarod, ya shiga rak, ya hau sandar sitiyari har ya iso hannu. Muddin taya na riƙe da titi sosai, sitiyari kan ƙara nauyi gwargwadon tsananin kwana da gudu. Da zarar tayar gaba ta kusa suɓucewa, a kan ruwa ko yashi ko man da wata babbar mota ta zubar, ƙarfin yakan fara raguwa tun kafin motar ta bar layinta. Sai direba ya ji sitiyarin ya yi sakayau. Wannan shi ne gargaɗi, kuma yakan riga ido gani.

Mahayin doki ya san wannan ilimi tun kafin zuwan mota. Da linzami yake ba doki umarni, ta linzamin kuma yake gane ko dokin ya gaji, ko ya tsorata, ko yana shirin tutsu. Sitiyari ma hanya ce mai zuwa da dawowa: umarni na sauka, labari na hawowa.

Daga 504 zuwa kwamfuta

Tsofaffin direbobin gwamnati sun san zamanin da babu komai tsakanin hannu da taya sai ƙarfe. Yawancin motocin Peugeot 504 da masana'antar Kakuri a Kaduna ta riƙa harhaɗawa bayan buɗe ta a 1975 ba su da na'urar taimako. Juya su a wurin ajiye motoci aikin damtse ne, amma a kan hanya babu tsakuwar da direba ba ya ji.

Fasahar taimakon ta girmi 504. Wani injiniya ɗan Amurka, Francis W. Davis, ya gwada sitiyari mai aiki da matsin mai a 1926, kamfanin Chrysler kuma ya fara sayar da shi a motar Imperial a 1951. Yadda yake aiki shi ne, injin mota na juya famfo ta hanyar bel, famfon na matsa mai, man kuma na tura rak zuwa ɓangaren da direba ya murɗa. Shi ne abin da bakanikai ke kira fawa sitiyari. Aibinsa guda: famfon na cin ƙarfin injin ko da mota a miƙe take tafiya.

Neman rage shan fetur ne ya kawo na lantarki. Kamfanin Suzuki ya fara sa shi a ƙaramar motarsa Cervo a 1988. A nan babu famfo, babu mai. Wata na'ura ce ke auna ƙarfin da hannu ya sa, kwamfuta ta lissafa taimakon da ya dace da gudun motar, ƙaramin injin lantarki ya bayar. A tsaye taimakon yana da yawa, a kan gudu yana raguwa. Da shi ne kuma sababbin motoci ke iya gyara wa direba hanya idan ya fara fita layi.

Rigimar masu motocin tsere

Matsalar ita ce, injin lantarkin da haƙoran giyar da ke haɗa shi da rak suna da nasu nauyi da gogayya. Ƙananan saƙonnin da ke tasowa daga taya sukan maƙale a nan. Maƙera kuma da gangan suke tace wasu, don kada girgizar titi ta dami mai saye. Shi ya sa lokacin da Porsche ta koma sitiyarin lantarki a sabuwar 911 da ta fitar a 2011, masoyanta da yawa suka yi ca, suna cewa motar ta ƙara gudu amma ta daina magana.

Wasu kamfanonin sun ƙi bin ayari. Lotus Elise ta 1996, wadda nauyinta bai kai kilo 800 ba kuma injinta ke bayan direba, ba ta da taimako ko kaɗan. Haka Alfa Romeo 4C ta 2013. McLaren ta riƙe tsarin mai, sai dai lantarki ne ke juya famfon. A ɗaya gefen kuma, Infiniti Q50 ta 2013 ta zo da tsarin da waya da kwamfuta ke kai umarni ga taya, nauyin da hannu ke ji kuwa na'ura ce ke ƙirƙiro shi.

Darasi mafi amfani daga wannan jayayya shi ne bambanci tsakanin nauyi da labari. Maɓallin da ke mayar da mota yanayin tsere yakan rage taimako, sitiyari ya yi tauri, amma tauri kaɗai ba ya ƙara wa direba sanin halin da taya ke ciki. Laushi kuma ba shaidar lafiya ba ne.

Motocin da ke harabar ma'aikatu

Canjin ya iso Abuja a cikin motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Camry mai amfani da fetur zalla ta 2007 zuwa 2011 da Accord ta 2003 zuwa 2012 masu famfo ne. Corolla ƙirar Amurka daga 2009, da Camry daga 2012, da Accord daga 2013, na lantarki ne. Ma'aikacin da ya canza mota daga rukunin farko zuwa na biyu yakan yaba laushin, ba tare da lura cewa hannunsa ya rage jin titi ba. Ba shi kaɗai ba ne: a 2010 hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka ta binciki ƙorafin masu Corolla ta 2009 da 2010 cewa motar na yawo a kan babban titi. An rufe binciken a 2011 ba tare da umarnin janye motocin ba, amma ya nuna cewa yadda sitiyari ke ji a hannu ba batun ado ba ne.

Hadiman da ke kula da motocin manya suna da nasu kaso. Prado ta haura tan biyu, kuma doguwa ce, nauyinta na sama. Sitiyarin da ake juyawa da yatsa biyu yana ɓoye wa direba wannan nauyi, ba ya rage shi. A kwanar gangara, bayan ruwan sama, cikin saurin jerin gwano, nauyin yana nan yana jiran ranarsa. Idan direba ya kawo ƙorafin cewa mota na ja gefe ko sitiyari na kuka, ba maganar da za a jinkirta sai an dawo daga tafiya ba ce.

Gangara da injin a kashe

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane mai mota ya koyi lissafi. Daga cikin dabarun da wasu ke yi akwai sa mota a firi a gangara, wasu ma har su kashe injin. Wannan araha ce mai tsada. Da injin ya mutu famfon sitiyari ya tsaya, na lantarki ma yakan ɗauke idan aka kashe makulli. Sitiyarin ba ya daina aiki, amma nauyinsa kan ninka farat ɗaya, har ya fi na 504, domin ba a ƙera shi don ƙarfin damtse kaɗai ba. Taimakon birki ma yakan ƙare bayan taku kaɗan. Idan kuma makulli ya zarce zuwa ƙarshe, a wasu motocin sitiyarin na iya kullewa gaba ɗaya.

Duniya ta ga illar mutuwar injin a tsakiyar tafiya. A 2014 kamfanin General Motors ya janye motoci kimanin miliyan 2.6 saboda makullin da ke kashe kansa, ya tafi da taimakon sitiyari da na birki da jakar iska. Asusun diyyar kamfanin ya amince da mutuwar mutum 124. Abin da ya faru a can bisa kuskuren ƙira, bai kamata direba ya jawo wa kansa da hannunsa ba. Ribar ma ba ta taka kara ta karya ba, domin yawancin injinan zamani kan yanke fetur da kansu idan an ɗaga ƙafa daga totur mota tana cikin giya.

Abin da ke hannun mai mota

Ba kowa ke iya zaɓen irin sitiyarin da maƙera suka sa masa ba, amma kowa na iya kiyaye ɗan labarin da ke isowa hannunsa. Farkon abin dubawa taya ce. Iskar da ta yi yawa takan sa sitiyari sakayau ta rage riƙon titi, wadda ta yi kaɗan kuma ta sa shi nauyi da kasala. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba a bakin mai faci ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar ƙira, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta haura shekara huɗu.

Na biyu, wasan da ke cikin tayarod da bushin da suka ci. Duk ratar da ta shiga tsakanin ƙarafa tana haɗiye saƙo a hanya. Ramuka da tudun rage gudu su ke haifar da ita, su ne kuma ke karkatar da saitin tayoyi. Motar da ba ta dawo da sitiyari bayan kwana, ko take ja gefe guda, tana neman bakanike.

Na uku, kowane tsari da cimarsa. Mai famfo yana son man da aka rubuta masa: yawancin Toyota na wancan zamani man giyar otomatik suke sha, Honda kuwa nata daban ne, haɗa su na lalata robobi. Kukan famfo alamar ƙarancin mai ne ko shigar iska, danne sitiyari a ƙurya na daƙiƙu da yawa kuma yana gajiyar da shi. Na lantarki ya dogara ne ga batir da altaneta, don haka fitila mai siffar sitiyari idan ta kama a dashbod ba abin rufewa da takarda ba ce.

Saura kuma hannu da ƙafa. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a kan tagwayen tituna irin na Kubwa, amma waɗannan iyakoki ne na busasshen titi. Direbobin tsere suna rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, suna riƙe sitiyari da hannu biyu riƙon da ba na shaƙewa ba, domin hannun da ya ƙanƙame ba ya ji. Idan sitiyari ya yi sakayau a tsakiyar kwana, ƙara murɗawa ba ya dawo da riƙon taya, sassauta totur a hankali ne ke dawo da shi. Hausawa sun ce jiki magayi. A gangaren Bwari da damina, hannun da ya iya saurare shi ne ke kai mai shi ofis, ya kuma mayar da shi gida.