Ƙera ƙananan samfuran jiragen ruwa na yaƙi na zamanin da: misalin jirgin Hermione

1. Gabatarwa

Daga ƙarni na 16 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, ƙarfin daulolin Turai a kan teku ya dogara ne ga jiragen katako masu tafiya da iska, ɗauke da igwa. An ƙera su da yawan gaske, amma kaɗan ƙwarai suka rage. Akwai Vasa na ƙasar Suwidin, wanda ya nutse a 1628 aka tsamo shi a 1961. Akwai Victory na Ingila, wanda aka saka a ruwa a 1765. Mafi yawan sauran, wuta ta ci, ko ruwa ya haɗiye, ko kuma an farfasa su da suka tsufa. Sabili da haka, mai son sanin yadda irin wannan jirgi yake, sai ya koma ga abubuwa uku: zanen magina, rubutattun takardu, da ƙaramin samfuri wanda Faransawa ke kira maquette.

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba yadda ake haɗa irin wannan samfuri da yadda ake ɗaura masa igiyoyi. Mun ɗauki jirgin Faransa mai suna Hermione a matsayin misali. Abin da muke son nunawa shi ne, samfuri shaida ce ta tarihi kamar yadda takarda take: in an yi kuskure a cikinsa, duk wanda ya dube shi zai tafi da kuskuren, ya ɗauka gaskiya ce.

2. Asalin sana'ar

Tun farko aikin hukuma ne. Colbert, ministan sarki Louis na 14, ya umurci ma'aikatun ƙera jiragen Faransa su riƙa yin ƙananan samfuran jiragen da suke ƙerawa. A Ingila ma, daga tsakiyar ƙarni na 17 an yi ta yin samfuran da ake barin gindinsu ba a rufe ba, don a ga tsarin katakon ciki. A 1748 masanin nan Duhamel du Monceau ya ba sarki Louis na 15 tarin samfuran da ya mallaka, kuma daga wannan kyauta ce gidan adana kayan tarihin jiragen ruwa na birnin Pari ya samo tushe. A 1810 Napoléon ya sa aka haɗa wani tarin, a ƙarƙashin kulawar injiniya Jacques-Noël Sané.

Akwai kuma wani reshe na daban. Tsakanin 1793 da 1815, matuƙan Faransa da aka tsare a kurkukun Ingila sun riƙa sassaƙa jirage da ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sayarwa don su sami na kashewa. Waɗannan suna da kyan gani, kuma igiyoyinsu sau da yawa daidai suke, tun da masu yin su matuƙa ne. Sai dai ba su da zane a gabansu, don haka ba a dogara da awon gangar jikin.

3. Jirgin da takardunsa

An ƙera Hermione a 1779 a Roshfor, a yammacin Faransa, bisa zanen injiniya Henri Chevillard. Jirgi ne irin wanda ake kira firgat, watau matsakaici mai sauri, da jere ɗaya na manyan igwa. Yana ɗauke da igwa 32: guda 26 masu harba dunƙulen ƙarfe na laba 12, da guda 6 ƙanana. Tsawon gangar jikinsa mita 44 da ɗan kai, faɗinsa mita 11 da ɗan kai. A 1780 shi ya kai La Fayette birnin Boston, da labarin taimakon da Faransa za ta aika wa Amurkawa masu yaƙin neman ƴanci. A watan Satumba na 1793 ya bugi duwatsu kusa da Le Croisic, ya nutse.

Matsalar farko da mai ƙira zai ci karo da ita ita ce, zanen asali na Hermione bai iso gare mu ba. Amma an ƙera shi ne bisa zane ɗaya da wasu jirage uku, cikinsu har da Concorde. A 1783 Ingilishi suka kama Concorde, suka auna shi, suka zana siffarsa, kuma an adana zanen a Girinic, kusa da Landan. Da wannan zane na abokan gaba ne aka yi aiki sa'ad da aka fara sake ƙera Hermione da cikakken girmansa a Roshfor a 1997. An saka sabon jirgin a ruwa a 2012, ya ƙetare teku zuwa Amurka a 2015. A 2021 aka gano funfuna ta ci wani sashe na katakonsa, aka kai shi tashar Bayon don gyara.

Ga tsarin katako da igiyoyi na jiragen Faransa na wannan zamani, masu ƙira suna yawan komawa ga aikin Jean Boudriot, musamman littafinsa mai juzu'i 4 a kan jirgi mai igwa 74, wanda ya fito tsakanin 1973 da 1977.

4. Ma'aunin ragewa

Kafin a taɓa katako, sai an tsai da ma'auni. Wanda aka fi sani shi ne 1/48, watau kowane tsawo na jirgi a raba shi gida 48. Dalilin wannan adadi yana ga awon da: rubu'in inci yana wakiltar ƙafa ɗaya. Ana kuma amfani da 1/36 da 1/72, domin su ma suna rabuwa daidai da ƙafa mai inci 12.

Ga lissafin Hermione a ma'aunin 1/48. Gangar jiki mai mita 44,2 za ta koma santimita 92. Faɗi mai mita 11,24 zai koma santimita 23 da ɗan kai. Tsawon jirgin duka, har da jigon goshi, kimanin mita 65 ne, sai ya koma santimita 135. A ma'aunin 1/72 kuwa, gangar jikin santimita 61 ce kawai.

Abubuwa biyu ne ke rikita mai koyo. Na farko, ƙafa ba ɗaya ba ce: ta Faransa santimita 32,48 ce, ta Ingila 30,48. Wanda ya karanta takardar Faransa da ƙafar Ingila, jirginsa zai gajarce da kusan kashi 6 cikin 100. Na biyu, faɗin fili ba ya raguwa kamar tsawo. In tsawo ya ragu sau 48, fili yana raguwa sau 48 × 48, watau 2 304. Manyan ƙyallayen da iska ke turawa, waɗanda za mu kira filafilai, sun kai murabba'in mita 2 200 a sabon Hermione. A samfuri ba za su cika murabba'in mita ɗaya ba.

5. Gangar jiki

Hanyoyi uku ne. Ta farko, a sassaƙa gangar daga gungume ɗaya. Tana da sauri amma ba ta nuna komai na ciki. Ta biyu, a yanka allunan tsaye masu siffar cikin jirgi, a jera su a kan ƙashin baya, sa'an nan a lulluɓe su da siraran katako. Yawancin samfuran da ake sayarwa cikin kwali haka suke. Ta uku ita ce ta ma'aikatun sarki: a haɗa kowane haƙarƙari daga guntaye da yawa, kamar yadda aka yi a babban jirgi. Wannan tana cin shekaru.

Babban jirgi da itacen chêne aka ƙera shi. Sabon Hermione ya ci kimanin bishiya 2 000. Amma ba a yin samfuri da shi, domin zanen jikinsa manya ne, kuma zanen itace ba ya raguwa sau 48. Ana neman itace mai laushin ƙwaya, wanda ba ya tsagewa in an yanka shi siriri, kamar poirier da buis. Inda ake son baƙi, a sa itacen ébène, ɗan'uwan kanya.

Aikin da ya fi wuya shi ne lulluɓi. Cikin jirgi ya fi goshinsa da bayansa faɗi, alhali yawan layukan katako kusan ɗaya ne. Ke nan dole kowane katako ya tsuke wajen ƙarshensa. Mai ƙira yana auna kowane haƙarƙari da ƴar takarda, ya raba tsawon da yawan layukan, ya fere katako daidai da abin da ya samu. Yana jiƙa shi, ya tanƙwara shi da zafi, ya bari ya bushe kafin ya manna. Ana yin gefen dama da na hagu bi da bi. In aka gama gefe ɗaya tukuna, katako zai ja ƙashin baya ya karkace, kuma ba a gyara wannan daga baya.

6. Jiguna da igiyoyi

Firgat tana da jiguna uku a tsaye da ɗaya a kishingiɗe a goshi. Kowane jigo na tsaye hawa-hawa ne, ana ɗora wani a kan wani. A jikinsu ake rataya sandunan gicciye masu riƙe filafilai. Sabon Hermione yana ɗauke da igiya kimanin kilomita 25.

Igiyoyin kashi biyu ne. Akwai matsaya, waɗanda ba sa motsi: su ke riƙe jigo daga gefe, daga gaba da daga baya. Ana shafe su da kwalta don kada ruwa ya ruɓar da su, shi ya sa suke da duhu. Akwai masu gudu, waɗanda matuƙa ke ja don ɗaga filafilai ko juya su. Suna bi ta cikin ƴan ƙafafun katako masu juyawa, irin na bakin rijiya, kuma launinsu ya fi haske. Samfurin da igiyoyinsa duka launi ɗaya ne ya ɓoye wannan bambanci, wanda shi ne tushen fahimtar aikin jirgi.

A nan ma akwai tarko. Takardun da suna ba da kewayen igiya ne, ba kaurinta ba. Misali, ƙa'idar magina ita ce kewayen igiyar anka ya zama rabin inci ga kowace ƙafa ta faɗin jirgi, watau kashi ɗaya cikin 24. Ga Hermione wannan ya ba da kimanin santimita 47 na kewaye. A raba da 3,14, a sami kauri na santimita 15; a raba da 48, a sami milimita 3. Wanda ya manta rabawa da 3,14 zai sa igiya mai kusan santimita ɗaya, ninki uku na gaskiya.

Tufka ma tana da ƙa'ida. Igiya ta yau da kullum sili uku ce da aka tufke ta dama. Babbar igiya kuwa, igiyoyi uku ne aka haɗa aka tufke ta hagu. A Roshfor, gidan tufkar sarki da aka gina daga 1666 tsawonsa mita 374 ne, don a iya murza doguwar igiya ba tare da haɗi ba. Ƙwararrun masu ƙira suna haɗa ƴar na'urar tufka, su murza zarensu da kansu, su goga masa kakin zuma don ya kwantar da gashinsa.

Ana ɗauri daga ciki zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama. A fara da jigon goshi, domin jigon gaba a kansa ya dogara. Igiyoyin gefe ana sa su bibbiyu, dama sa'an nan hagu, kafin a ɗora ta gaba a kansu. Daga nan a ɗaure ƴan igiyoyin gicciye da matuƙa ke takawa kamar tsani. Tazararsu a samfuri milimita 7 zuwa 8 ce, kuma ƙullinsu ya fi dubu. Kada a ja zare da ƙarfi, don jigo siriri ne, zai tanƙware.

Saura filafilai. Ƙyalle mai kaurin milimita ɗaya, in an rage shi sau 48, ya fi takarda siranta, kuma babu saƙar da ta kai haka. Shi ya sa da yawa cikin masu ƙira suke barin jirgi ba filafilai, ko su naɗe su a kan sanduna. Hakan kuma yana barin igiyoyi a fili.

7. Kuskuren zamani da adanawa

Jirgi yana canjawa cikin rayuwarsa, don haka mai ƙira ya zaɓi shekara ɗaya ya tsaya a kanta. Hermione na 1780 farar tuta ta sarauta yake ɗauke da ita. Tutar Faransa mai launi uku a siffarta ta yanzu an tsai da ita a 1794, bayan jirgin ya nutse. Hakanan, an rufe gindin jirgin asali da fallayen jan ƙarfe kafin tafiyar 1780, don kare shi daga tsutsar ruwa. Sabon jirgin ba shi da wannan, yana kuma da injuna saboda dokokin teku na yanzu. Wanda ya kwaikwayi hotunan sabon jirgi kai tsaye, samfurin jirgin 2015 ya yi, ba na 1780 ba.

Bayan an gama, abokan gaba uku ne: ƙura, rana, da canjin laima. Gidajen adana kayan tarihi suna riƙe laimar ɗaki wajen kashi 50 cikin 100. Inda hunturu ke busar da katako, damina kuma ta kumbura shi, mahaɗai suna buɗewa, zare ya saki ko ya tsinke. Akwatin gilashi mai rufi, nesa da taga da inda gara ke bi, shi ne mafi ƙarancin kariya.

8. Kammalawa

Mun ga cewa kowane mataki na wannan aiki yana buƙatar shaida da lissafi: wane zane, wace ƙafa, wace shekara, kewaye ko kauri. Akwai kuma wuraren da takardu ba su ce komai ba, inda dole mai ƙira ya yi kirdado daga jiragen zamani ɗaya. Shawararmu ita ce, ya rubuta ƴar takarda ya ajiye tare da samfurin, ya nuna ma'auninsa, da shekarar da ya zaɓa, da abin da ya samo daga zane, da abin da ya cike da kansa. Ta haka ne ɗalibin da zai dubi samfurin nan gaba zai san inda zai dogara da shi, da inda zai sake bincike.