Dillaliya Ko Waya: A Ina Za Ki Sayi Keken Ɗinkinki?

'Yan uwana mata, musamman ku 'yanmata masu zubin adashi da burin mallakar keken ɗinki kafin a kai ku ɗaki, yau hirar tamu a kan kayan sana'a na hannu ce, wato keke, injin markaɗe, injin taliya da firij.

A nan Kahu ta ƙaramar hukumar Kibiya, da can in mace tana son keke na hannu, dillaliya take yi wa magana. Ita ta san gidan da aka sayi sabon Butterfly ana neman rabuwa da tsohon Singer. In babu a gari, sai a ba da sautu Rano ko Sabon Gari a Kano.

To sai ga waya ta zo da tata kasuwar. An kafa Jiji a Legas a 2014, a 2019 kuma ta saye harkar OLX ta Nijeriya. Ga masu talla a Facebook. Kai, har Hukumar Kwastan ta fara gwanjon kayan da ta kama ta intanet a 2017, wanda ya fi tayi shi ke ɗauka.

Babban abin da waya ta yi wa dillalai shi ne tona asirin farashi. A da wata dillaliyar takan karɓi la'adarta, ta kuma ɗora nata a kai, mai kaya ba ta sani ba, mai saye ba ta sani ba. Yanzu kuwa 'yar sakandare na kwance a ɗakin innarta za ta ga kuɗin keke a Kano da Kaduna. Wa zai yi mata ƙari?

Amma ni a ganina dillalai ba su kwanta ba, don suna riƙe da abin da hoto ba zai ba ki ba. Na farko, gwaji. Za a kawo miki keken har tsakar gida ki taka, ki ga ko ɗinki na tsallake ko zare na tsinkewa. Na biyu, sassauci. Dillaliyar da ta san gidanku takan yarda ki ba da rabi, sauran in kin kwashi adashi, ko a karɓi tsohon naki ki yi ciko. Na uku, in keke ya ƙi, kin san ƙofar da za ki yi sallama. Na huɗu, rufin asiri. Matar da rashi ya sa za ta sayar da firij ɗin aurenta ba ta son a ga hotonsa ana yawo da shi. Wasu dillalan ma sun bi zamani, 'ya'yansu ke ɗora musu hotunan kaya a WhatsApp, su karɓi kuɗi ta POS.

Ita waya arha gare ta da yawan zaɓi, sai dai akwai macuta. Za a nuna miki keke fes a hoto, a ce turo kafin alƙalami, kina turawa lambar ta daina shiga. Kuɗin da kika yi wata da watanni kina ƙulle-ƙulle sun tafi ke nan. Ko da mai kayan na gaskiya ne, ki lissafa kuɗin mota zuwa Kano da na dako, tana yiwuwa arhar ta ƙare a hanya.

Shawarata, ƙanwata, ki ci moriyar duka biyun. Ki duba farashi a waya, sannan ki zauna da dillaliya ki yi ciniki da saninki. In kuwa ta waya za ki saya, kada sisinki ya fita sai yayanki ko wani tela da kuka yarda da shi ya je ya gwada da ƙafarsa. Kuma kada ki kuskura ki tafi ke kaɗai wurin wanda ba ki sani ba.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya raba mu da macuta, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.